Wai memori nawa ne a cikin kwamfuta ɗaya? Na goge rabin kayana amma har yanzu tafiyar hawainiya take

Ɗalibar_Lissafi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana kwamfuta ku taimaka min, kaina ya gama ɗaurewa. Ina da wata tsohuwar laftof da yayana ya bar min, Core i3 ce da Windows 10 a kanta, da ita nake rubuta furojet ɗina. In na buɗe burauza da shafuka kamar takwas ko goma, ga Word a buɗe ga PDF guda biyu, shikenan ta fara jan ƙafa, in danna abu sai na ƙirga har ashirin kafin ta amsa, wani lokacin ma ina buga rubutu ba abin da ke fitowa sai na gama layi sannan haruffan su zubo gaba ɗaya kamar an saki ruwa.

Wata ƙawata tace min memori ne ya cika. Na zauna dare guda na kwashe bidiyoyi da hotuna sun fi giga 120 na mayar kan wani faifan waje na goge na cikin laftof ɗin. Wallahi ko gezau, yadda take jiya haka take yau.

To abin da ya ƙara ruɗa ni, a jikin takardar da aka manna mata an rubuta memori 4GB, amma in na shiga This PC sai in ga 465GB, shi kuma yayana yace 500GB ce, wani waje kuma na ga an rubuta wai 3MB. Wanne ne memorin a ciki? Kuma ina sauran giga 35 ɗina suka tafi? Sannan duk randa na cire ta daga caji batirin ya mutu, in na kunna sai in ga agogo da kwanan wata sun koma wata shekara can baya, shi ma memorin ne?

Sarkin_Gem:

Wslm. Ki sauke irin manhajojin nan masu share RAM, dannawa ɗaya suke wanke komai. In bata yi ba kawai a yi mata fomat a huta.

Mai_Sukudireba:

Haba ƙanina, kar ka sa baiwar Allah ta yi aikin baban giwa. Manhajar share RAM ɗin nan ita kanta a cikin RAM ɗin take zama, kuma abin da take yi kawai ta kori kayan da ake amfani da su zuwa kan faifai, bayan minti biyu su dawo, ka ga an ƙara wa kwamfutar aiki kenan. Fomat kuma sati biyu za ta ji daɗinsa a koma gidan jiya.

'Yar uwa, ƙawarki bata yi ƙarya ba, memori ne ya cika, sai dai ba wanda kika share ba. Matsalar kalmar ce, abu kusan biyar ne a cikin na'urar nan kowanne ana ce masa memori kuma aikinsu ba ɗaya ba.

Ki ɗauki tela a shagonsa. Akwai kabad a can ƙuryar shago inda yadudduka suke jibge, na mutane da yawa, wani ma ya yi wata uku ba a taɓa shi ba. Wannan shi ne faifan ajiya, 500GB ɗin nan naki, a nan Windows yake kwana, da hotunanki da furojet ɗinki, ko an kashe na'ura suna nan. Sai teburin yanka, inda yake shimfiɗa yadin da yake aiki a kai yanzu yanzu. Wannan shi ne RAM, 4GB ɗin. Duk abin da kika buɗe sai an ɗauko shi daga kabad an shimfiɗa a tebur kafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke matsayin telan, ta iya taɓa shi, domin ita bata aiki kai tsaye da abin da ke cikin kabad. Kuma da an kashe kwamfuta ana share teburin tas.

Abin da kika yi a daren nan shi ne kin rage kaya a kabad. Teburin ko yana nan ɗan mitsitsi yadda yake. Shi yasa ba ki ga canji ba.

Yi min abu ɗaya. Buɗe duk abubuwan da kika saba buɗewa, ki bari sai ta fara halin nata, sai ki danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai fito, ki shiga Performance. Ki faɗo min kashi nawa ke kan CPU (furosesa kenan), nawa kan Memory (RAM), nawa kan Disk (faifan ajiya). In kin danna Memory ɗin ki duba ƙasa ta dama akwai inda aka rubuta Speed da Slots used, su ma ki kawo. Ki kuma rubuto min cikakken sunan furosesar yadda yake a saman shafin CPU.

Ɗalibar_Lissafi:

Na gode sosai Malam, misalin telan nan ya shige ni. Ga abin da na gani, sai da na jira ta kusan minti ɗaya ma kafin Task Manager ɗin ya buɗe. CPU yana wasa tsakanin 20 da 35. Memory 3.6 cikin 3.9GB. Disk kuma 100% ya tsaya cak ba ya sauka, kuma an rubuta HDD a ƙarƙashinsa. Speed 1600, Slots used 1 of 2. Furosesar i3-4005U. A shafin CPU ɗin ne na ga L1 128KB, L2 512KB, L3 3.0MB, ashe nan na ga 3MB ɗin da nake faɗa.

Ni dai abin da ban gane ba, in RAM ne ya cika me ya haɗa shi da Disk da zai kai 100, bayan ni ba kofin komai nake ba?

Mai_Sukudireba:

Yawwa, ai nan gizo ke saƙar. Kin ga furosesarki 20 zuwa 35 kawai take, wato zaune take tana hamma tana jiran a kawo mata aiki. Ba ita ce mai laifi ba.

Idan tebur ya cika kuma kika ce a sake shimfiɗa wani yadin, Windows ba ya cewa a'a. Sai ya naɗe wanda aka ɗan jima ba a taɓa ba ya kai shi wani lungu na musamman a cikin kabad, ya shimfiɗa sabon. Lungun nan fayil ne a kan faifanki sunansa pagefile.sys, a ɓoye yake shi yasa ba kya ganinsa. Da kin koma kan shafin burauzar da kika bari minti biyar da suka wuce, sai a ruga a ɗauko shi daga lungun, amma tunda tebur a cike yake sai an naɗe Word an kai can tukuna. Ki koma Word, a sake wannan zirga-zirgar. Wannan kai-kawon ne kike gani 100% a Disk. In kin kasa kunne kusa da laftof ɗin a lokacin za ki ji wani ɗan ƙas-ƙas-ƙas a ciki, allurar faifan ce ke ta safa da marwa.

Kuma faifan naki HDD ne, wato faranti ne na gaske a ciki yana juyawa, irin na laftof yawanci sau 5400 a minti, sau 90 kenan a sakan, da ɗan hannu mai kai allura inda bayanin yake. Kafin hannun ya je wurin, farantin ya juyo da inda ake nema, an ci kamar kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. A wajenmu ba komai bane. A wajen furosesa kuwa bari in gwada miki. Ki ƙaddara ɗauko abu daga L1 ɗin nan da kika gani, 'yar ma'ajiyar da ke cikin furosesar kanta, sakan ɗaya ne. To a wannan ma'aunin ɗaukowa daga RAM minti ɗaya da 'yan kai ne. Daga SSD, irin faifan ajiyar da ba faranti mai juyawa a cikinsa, kwana guda. Daga HDD kusan wata huɗu. To ke kwamfutarki duk motsin da kika yi sai ta aika ɗan aike tafiyar wata huɗu, ina za ta yi sauri.

Labari mai daɗi shi ne 1 of 2 ɗin nan. Akwai gurbi ɗaya a buɗe yana jiran RAM.

Baba_Injiniya:

Sannunku da ƙoƙari. Mai Sukudireba ka yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara basira. Bari in ɗan sa baki kan abin da 'yata ta gani a shafin CPU, don kar ta tafi da tunanin cewa 3MB ɗin nan wani abin raini ne.

Da farko me yasa RAM ke mantuwa in wuta ta ɗauke? Irin RAM ɗin da muke sokawa a gurbi sunansa DRAM. Kowane bit ɗaya, wato sifili ko ɗaya, ana riƙe shi ne da tiransisto guda, wato ɗan makunnin lantarki, da wani ɗan mitsitsin kafasito da ke riƙe caji. Akwai caji, ɗaya kenan. Babu, sifili. Matsalar ita ce kafasiton nan yoyo yake, kamar bokiti mai huda a gindi. In an bar shi ko na ƙiftawar ido ne cajin ya tsiyaye. Saboda haka akwai mai bi layi layi yana karantawa yana sake cikawa, a irin DDR3 da DDR4 kowane layi sai an zagayo kansa cikin milisakan 64, wato wajen sau goma sha biyar zuwa sha shida a kowane sakan, tun daga kunnawa har kashewa. Tunda bayit ɗaya bit takwas ne, giga 4 ɗin nan naki bokitai sama da biliyan 34 ne ake ta yi wa ƙari ba tsayawa. Wuta na yankewa mai cikawar ya tsaya, komai ya zube. Wani injiniyan IBM mai suna Robert Dennard ne ya fito da wannan dabara, aka ba shi shaidar mallakarta a 1968, sannan a 1970 Intel ta fitar da 1103 mai ɗaukar bit 1024 kacal. Ko sakin layin nan da nake rubutawa ba zai shiga ciki ba.

Dalilin da yasa aka yarda da bokiti mai yoyo shi ne araha da ƙanƙanta, ana iya cusa biliyoyi a ɗan wuri. Amma furosesa ta fi shi sauri nesa ba kusa ba. Sai aka gina mata wata 'yar ma'ajiya a cikin jikinta da wani irin memori daban, SRAM, wanda bit ɗaya ke cin tiransisto shida yawanci. Ba ya yoyo, ba ya buƙatar a bi shi da ƙari matuƙar akwai wuta, ga sauri, amma yana cin fili da kuɗi, shi yasa ake sa ɗan kaɗan. Shi ne kesh, L1 da L2 da L3. A misalin telanku, L1 shi ne almakashi da tef ɗin da ke rataye a wuyansa, L2 aljihun rigarsa, L3 kuma 'yar durowar keken ɗinki da shi da abokin aikinsa suke sa hannu tare, don furosesarki ƙwaƙwalwa biyu gare ta a ciki, kowacce da L1 da L2 nata, L3 ɗin ne na tarayya. Akwai ma wanda ya fi L1 kusa, rajista, su ne abin da ke tsakanin yatsun telan a wannan lokacin, 'yan ƙalilan ne.

Abin da ya sa 3MB ke iya yin tasiri a gaban giga 4, manhaja maimaici gare ta. Abin da ta taɓa yanzu shi za ta sake taɓawa nan da ɗan lokaci, ko maƙwabcinsa. To in aka ajiye mata su kusa, mafi yawan buƙatunta ba sai an je RAM ba. Wannan ba abin da za ki saya ki ƙara bane, da shi aka haifi furosesar da shi za ta mutu. A zamaninmu dai akwai madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa cikin kwamfuta, da ake soka kesh a jikinsa daban, yaran yanzu ba su ga wannan ba.

Sarkin_Gem:

To na karɓi gyara kan manhajar share RAM, Allah ya huci zuciyar manya lol. Baba ni da na fara jin ana cewa kesh na ɗauka kuɗi ake nufi wlh. Kuma maganarka gaskiya ce, AMD sun fitar da Ryzen 7 5800X3D a 2022 da L3 har 96MB, a gem yana doke waɗanda suka fi shi gudu a takarda saboda kesh ɗin kawai.

Amma ni fa a nan ina da ja. In abu ɗaya za ta iya saya, SSD za ta fara sa ba RAM ba. Ko ta ƙara RAM ɗin, kunna kwamfutar zai ci gaba da cin minti biyu, buɗe Word zai ci gaba da jan rai, saboda komai daga faifan nan mai juyi ake ɗauko shi. SSD na SATA, wato mai soket irin na HDD ɗinta, yana karanta wajen 550MB a sakan, HDD ɗin laftof da ƙyar yake haura 100, kuma ba ma nan abin yake ba, wajen tsinto ƙananan fayiloli a warwatse ne SSD ke yi masa fintinkau don ba allurar da za ta yi tafiya. Ko RAM ya cika aka koma pagefile ɗin, a kan SSD tafiyar kwana ɗaya ce ba wata huɗu ba, da bakinka ka faɗa Oga Mai Sukudireba.

Sannan ba wanda ya yi maganar memorin girafiks, wato ɓangaren da ke zana hoto a allo. Masu katin girafiks daban suna da nasu a jikin katin, VRAM, irin su GDDR6, daban yake da RAM. Ita tata girafiks ɗin a cikin furosesa yake, ba shi da nasa, a cikin giga 4 ɗin nan yake yagar rabonsa. Kin ga tebur ɗin ma ba naki bane ke kaɗai.

Mai_Sukudireba:

Yanzu ka yi magana ƙanina. Ban ƙi taka ba, in mutum ya kawo min tsohuwar na'ura yace abu ɗaya zai iya, sau da yawa SSD nake ce masa. Amma ita dubi lambobinta, 3.6 cikin 3.9 tun kafin ta yi wani aikin kirki. In ta sa SSD kaɗai za ta ji sauƙi sosai, sai dai cutar na nan, an dai samu ɗan aike mai gudu ne, kuma za a yi ta rubutu a kan SSD ɗin ba gaira ba dalili. Ni a nata RAM nake gani farko, ga gurbi a buɗe, ba sai an sake sa Windows ba, ba sai an kwashe fayil ko ɗaya ba tana tsakiyar furojet. In hali ya yi daga baya a sa SSD. In za ta iya biyun a tare to shikenan an gama magana.

'Yar uwa ki buɗe kunne nan, don a nan mutane ke asarar kuɗi. RAM ba ɗaya bane. Akwai DDR3 da ya fito 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma ya shigo kasuwa 2021, kuma ba wanda ke shiga gurbin wani, da gangan aka goce da ɗan tsagin da ke tsakanin haƙoransu. Na laftof gajere ne ana ce masa SO-DIMM, na DDR3 haƙora 204, na DDR4 260. Na babbar kwamfutar tebur dogo ne, shi ma ba zai shiga ba. Kwanaki aka kawo min wata, mai ita ya sayo DDR4 ya ga ya ƙi zama a gurbin DDR3, maimakon ya tsaya sai ya sa ƙarfi, ya karya maƙallin gefe ɗaya ya lanƙwasa haƙoran gurbin. Garin neman ƙiba ya samo rama, gurbin da yake da shi ma ya tashi aiki.

Taki furosesar DDR3L take so, ki lura da L ɗin nan. DDR3 na gama-gari 1.5V yake ci, mai L kuma 1.35V. Siffarsu ɗaya sak, gurbi ɗaya suke shiga, amma in kika sa mara L a irin taki tana iya ƙin tashi sam, allo baƙi ƙirin. A jikin farar takardar da ke manne a RAM ɗin za ki ga an rubuta PC3L-12800S. Shi za ki nema harafi da harafi. In kin ga PC3 ba L ki ajiye, in kin ga PC4 wannan DDR4 ne. Mafi sauƙi ki ɗauki hoton takardar wanda ke ciki yanzu ki tafi da shi.

Ki sa 4GB ya zama 8, ko 8GB ya zama 12. Guda biyu a gurbi biyu suna da wata riba kuma, furosesar na ɗiba daga biyun lokaci guda, hanya biyu maimakon ɗaya, girafiks ɗin da Sarkin Gem ya faɗa shi ya fi kowa jin daɗin wannan.

Wajen sawa, kashe ta gaba ɗaya ba rufe murfi ba, zare caja, cire batir in mai fita ne, taɓa wani ƙarfe da hannunki tukuna. Ki riƙe RAM ɗin ta gefe kar ki taɓa haƙoran. A karkace ake soka shi, ki daidaita tsagin, ki tura har haƙoran su kusa ɓacewa sannan ki danna shi ƙasa, za ki ji ƙas, maƙallan biyu sun kama. In bai tafi da sauƙi ba to ba daidai yake ba, kar ki sa ƙarfi. In kuma irin laftof ɗin da sai an ɗaga kibod ne kafin a kai ga gurbin, ki ba mai gyara.

Batun agogo kuma, wannan wani memorin ne na daban, ba ruwansa da duk waɗannan. Akwai wani ɗan IC, wato 'yar ƙwayar lantarki, a kan madabod da ke ɗauke da BIOS, manhajar da ke fara tashi ta duba komai kafin ta kira Windows. Har yau ana ce masa ROM don sabo, da can ba a iya sake rubutu a kansa, amma yanzu filash ne, irin memorin da ke cikin SSD, shi yasa ake iya yi masa afdet. Shi ba ya buƙatar wuta. Agogon ne ke buƙata, don dole ya ci gaba da ƙirga ko na'ura na kashe, to akwai wani ɗan batir kamar kwabo da ke riƙe shi, ana ce masa batirin CMOS, yawanci CR2032 mai 3V, a laftof sau da yawa a naɗe yake cikin leda da 'yan wayoyi biyu. Naki ya mutu ne, furosesarki ta 2013 ce ai ya yi ƙoƙari. Matuƙar babban batir na da caji shi ke rufa masa asiri, da ya ƙare sai agogo ya koma farko. Ki canza shi, don in kwanan wata ya goce wasu shafukan intanet ma ƙin buɗewa suke su ce miki ba tsaro.

Anti_Akanta:

Kun bar mata tambaya ɗaya, giga 35 ɗinta da take cigiya. Ƙanwata ba wanda ya cuce ki, lissafi ne, kuma ke ɗalibar lissafi ce. Masu ƙera faifai giga ɗaya a wajensu bayit 1,000,000,000 ne cif. Windows kuma da 1024 yake ƙirga, giga ɗaya a wajensa 1024 sau 1024 sau 1024, wato 1,073,741,824. Raba biliyan 500 da wannan ki gani, 465 da ɗigo za ki samu. Haka 1TB ke fitowa 931, in kin sayi SSD mai 256 za ki ga 238, kar ki koma ki yi rigima da mai kaya.

Ni abin da zan ƙara miki daga abin da ya same ni ne. Na taɓa yin awa uku ina shigar da lissafi, ban danna sebin ko sau ɗaya ba, na rufe murfin laftof na tafi da niyyar in dawo in ƙarasa. Rufe murfi barci ne kawai, Sleep, komai yana nan a RAM ana ɗan ba shi wuta kaɗan kaɗan yana riƙe. Batirina kuwa ya riga ya lalace, yana zuwa rabi yake yankewa ba sallama. Na dawo na tarar da ita a mace, na kunna, sabon fayil ne ban taɓa ba shi suna ba, ɗan abin da manhajar ta ceto min bai kai rabi ba. Ranar na san bambancin RAM da faifai ba a aji ba. Tunda kin ce batirinki na mutuwa, ki riƙa Hibernate, shi yana kwafe duk abin da ke RAM ya rubuta a faifai cikin hiberfil.sys sannan ya kashe gaba ɗaya. Kuma Ctrl da S ya zama kamar numfashi.

Furojet ɗin nan kuma ki ajiye kofi a wani wuri yau ɗin nan kafin kowa ya kwance miki sukuru ɗaya. HDD mai shekara sama da goma ba abin yarda bane, SSD ɗin ma da ake yabo yana da iyakar rubutun da kowane ɗan ɗakin ajiya da ke cikinsa ke ɗauka, kuma shi in zai mutu ba ya ƙara balle ki ji alama.

Ɗalibar_Lissafi:

Na dawo da rahoto. Anti na yi kofin furojet a wuri biyu tun daren, na gode da tunatarwa. Na buɗe ɗan murfin da ke ƙasan laftof ɗin, sukuru ɗaya ne ma, na ga RAM ɗin da gurbin da ba komai a samansa, takardar kuwa PC3L-12800S kamar yadda Malam ya faɗa harafi da harafi. Saura kaɗan a ba ni mara L, mai kayan yace ai duk ɗaya ne, na nuna masa hoton nace ni dai irin wannan. Na samu 8GB.

Da farko na sa na kunna, fanka na juyawa allo baƙi, gabana ya faɗi nace shikenan na kashe ta. Na kashe na sake buɗewa, ashe bai shige ba sosai, ana hango haƙoran zinaren a waje ta gefe ɗaya. Na zare na sake turawa har ciki na danna na ji ƙas ɗin. Ta tashi. Yanzu Task Manager na nuna 11.9GB, 2 of 2. Na buɗe shafuka goma sha biyar da Word da PDF uku don neman tsokana, Memory na kan 5.8, Disk yana sauka har 2 ko 3. Rubutu na fita yadda nake bugawa.

Amma Sarkin Gem ka yi gaskiya, kunnawa har yanzu sai na je na dawo, kuma mintunan farko Disk ɗin na 100 kafin ya lafa. SSD sai bayan difens in Allah ya yarda. Batirin agogon ban gan shi ba ta ɗan murfin, da alama yana can ciki.

Tambaya ta ƙarshe dan Allah, wayata an rubuta RAM 8GB+8GB, ROM 128GB. Wancan ƙarin 8 ɗin na gaske ne? Kuma ROM ɗin irin na BIOS ne?

Sarkin_Gem:

Na faɗa ai hhh. Ƙarin 8 ɗin wayar pagefile ne aka sa masa riga, daga cikin 128 ɗinki aka yanko ana tura manhajojin da kika bari a baya. RAM ɗinki na gaske 8 ne. 128 ɗin kuma filash ne ɗan uwan SSD, sunan ROM ɗin kawai ya bi shi, da ROM ne na gaske ko hoto ɗaya ba za ki iya ajiyewa ba.

Mai_Sukudireba:

Madalla. Batirin agogon ki bar shi sai ranar da za a sa SSD a yi buɗewa ɗaya, kafin nan ki riƙa duba kwanan wata duk sanda ta mutu. In za ki sayi SSD ɗin, mai inci 2.5 na SATA za ki nema, shi ne zai zauna daidai inda HDD ɗin yake, kar a ba ki siririn nan na M.2 sai an buɗe an tabbatar akwai gurbinsa. Tsohon faifan kuma kar ki yar, akwai ɗan gidan da ake sa shi ya koma na USB.